Ba Mai Ganda Ce Ta Cinye Mana Takalmi Ba

Sanyin Disamba a Jos ba ya jin lallashi. Duk wanda ya taɓa fitowa sallar asuba a Gangare ko Unguwar Rogo da silifa a ƙafa ya san abin da nake faɗa: yatsu su ƙage, dunduniya ta yi faso, mutum ya riƙa taka ƙasa kamar mai tafiya kan ƙaya. Shi ya sa bara, da hunturu ya kawo jiki, na gangara kasuwar Katako neman takalmin da zai rufe min idon sawu, irin but ɗin nan na fata mai igiya. Na yi sa'a yaran gwanjo sun fasa sabuwar dila. Na tona, na zaro wani ruwan ƙasa mai nauyi a hannu, na leƙa cikinsa, sai ga tambari an yi shi a Italiya. Wani Bature ya sa shi shekara da shekaru har ya gundure shi, aka cusa shi a dila, ya ƙetaro teku, ya zo ya same ni a gindin dutse, na kuma biya kuɗinsa ina murna har da godiya.

Da na isa gida na zura hannu ciki na shafa shafin, sai na ji laushin da na sani tun ina yaro. Fatar akuya ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan fata ne. Ya shekara sama da talatin yana bin mahauta a Jos da Bukuru da kasuwannin ƙauye yana sayen fatu da ƙiraga, ya barbaɗe su da gishiri, ya jibge a wani ɗaki da ke zaurenmu, in sun taru ya loda mota sai Kano. Abokaina na makarantar allo har tsokanata suke yi wai rigata warin fata take. Da kuɗin wannan warin aka yi min makaranta, da shi aka aurar da yayyena. Saboda haka in ana maganar fata ba na iya yin shiru, musamman idan na ji an ɗauko waƙar da aka saba: wai masu cin ganda ne suka kashe mana sana'ar takalmi, a hana cin ganda kowa ya huta.

Waƙar ta daɗe. A 2014 Akinwumi Adesina, yana ministan noma a lokacin, ya yi kiran a taƙaita cin fatar shanu domin a samu ta jima. A 2022 shugaban cibiyar binciken fata da ke Samarun Zariya, Farfesa Muhammad Yakubu, ya fito ya ce suna neman a yi dokar da za ta hana cin ganda, yana mai cewa ba ta da wani amfani a jiki. Kowane karo mutane su yi ca, a yi barkwanci a Facebook kwana biyu, ƙura ta lafa, ganda ta ci gaba da tafasa a tukunya, mu kuma mu ci gaba da tonon dila a Katako. Ban raina waɗannan mutane ba, kishi ne ya sa su magana, kuma gaskiya ne cewa mafi yawan fatar shanun da ake yankawa a ƙasar nan ciki take shiga. Amma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ƙirgi ba shi da ra'ayi. Inda aka fi biyan mahauci nan yake zuwa, kuma tambayar da ta kamace mu ita ce me ya sa majemi ya kasa taya shi da farashin da mai ganda take tayawa.

Abin da ke sa maganar ta yi ciwo shi ne mun san inda muka fito. Tun farkon ƙarni na 16 matafiyin nan Hassan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labarin dukawan Gobir da ke ɗinka takalma ana kai su Tambutu da Gawo. Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya tarar takalman Kano suna cikin manyan kayan da fatake ke ƙetara Sahara da su. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa, wadda ake jeme ta da bagaruwa a rina ta da karan dafi, ta bi ayari har arewacin Afirka, Turawa suka saye ta daga can suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafansu bango da ita. Mun yi aikin, wani ya tafi da sunan. Mahaya dawakin sarakuna kurufa suke sawa har gwiwa, malamai da huffi, talaka da faɗe, kuma duk daga hannun badukun unguwa. To, wannan tarihi ne, ba ya ɗumama ƙafa.

Akwai bambancin da masu muhawarar nan kan tsallake. Fata daban, ƙirgi daban. Fatar akuya da ta tunkiya sirara ce, mai laushi, ita ake wa takalmi shafi, a yi saman takalmin mata da jaka da safar hannu. Ita ce har gobe masana'antun jima na Challawa da Sharada da Bompai a Kano ke sarrafawa, galibinta su fitar da ita Italiya da Sifen da Sin ba a kai ta matakin takalmi ba. But kuwa, na soja ko na ɗan sanda ko na mai haƙar kuza a Barikin Ladi, ƙirgin sa yake so, mai kauri, wanda zai jure dutse da laka da ruwan Agusta. To ƙirgin nan shi ne ganda. Wato matsala biyu ce muke cakuɗawa: ta akuya tana fita ba mu ƙarasa ta ba, na sa kuma ba ya ma isa majema. Hana ganda ba zai taɓa ta farkon ba ko kaɗan, ta biyun ma, kamar yadda zan nuna, ba zai warkar da ita ba.

A bi ƙirgi tun yana jikin mai shi. Je ka Kara ta Bukuru ranar kasuwa ka tsaya ka dubi bayan shanu da idon majemi. Ga tabon kaska a hantsa da wuya. Ga kirci, cutar nan da ke tasowa da damina ta bar ɓawo-ɓawo a gadon baya, daidai wurin da ya fi kowane daraja a ƙirgi. Ga lalas da aka ɗana da jan ƙarfe, wani don shaida wani don magani, a kan cinya ko haƙarƙari, inda da a kunne ko ƙasan ƙafa aka yi da ba a yi asarar komai ba. Ga zanen ƙaya da na waya, ga sawun sanda da bulala, ga gurzuwar da aka yi a cikin tirela daga kasuwannin Yobe ko Adamawa, shanu a cushe kan juna, ƙahon wannan a cikin wancan. Duk wannan ba ya fitowa sosai sai an cire gashi an jeme, a nan kowane tabo yake tashi tsaye ya ba da shaida. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi tana nan Vom, kusa da mu, tun 1924, kuma kirci ba baƙonta ba ne. Amma makiyayi bai taɓa karɓar ko kwabo ƙari don bayan sansa ya yi sumul ba. Nauyi da ƙiba ake saye. Me zai sa ya damu?

Sai a zo kan wuƙa, kuma a nan ne na fi ganin ɓarnar. Mahaifina ya sha ba ni labarin malaman fata na zamanin En'e. Ma'aikata ne da ke zagaya mayanka da kasuwanni, su koya wa mahauta fiɗa da wuƙa mai lanƙwasasshen baki wadda ba ta huda fata, su tabbatar an wanke jini an kankare kitse, an ɗaure fatar a kan firam a cikin rumfa iska na ratsa ta ta ko'ina, ba a shimfiɗa ta a ƙasa rana ta ƙone ta ta waje cikinta na ruɓewa ba. Sannan a kasa ta aji-aji, kowane aji da farashinsa. Ba don Allah Turawa suka yi haka ba, masana'antunsu suke wa tanadi. Amma sun gane abin da muka manta, cewa hannun mai fiɗa yana bin aljihunsa ne. Idan fata mai huda uku da marar huda kuɗinsu ɗaya, ba wanda zai ɓata minti goma yana lallaɓa ta.

Yau a mayanka a kan siminti ake fiɗa, cikin jini da ruwa, yara uku a kan sa ɗaya, kowa da wuƙarsa mai tsini, masu sayen nama na tsaye a kansu suna azalzala. Na tambayi wani dattijon mahauci, abokin mahaifina ne, ko har yanzu ana samun mai fiɗa irin ta da. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, a yi wa wa? Matar da ke sayen ƙirgina tun sa yana numfashi ta ba da kuɗinta. Ko na yi masa huda ɗari ba ruwanta, ai yayyanka shi za ta yi. Mutumin Kano kuwa sai ya zo ya ɗaga shi a rana, ya ce ga yanka nan, ga kirci nan, ya zaftare rabin kuɗin, sauran ma ya ce sai ya dawo. In kai ne wa za ka ba?" Na ce, "Baba, ita zan ba." Ya ce, "To ka gani."

Kaf maganar ke nan. Mai ganda ta fi majemi kuɗi a hannu, ta fi shi sauri, kuma ba ta da tsirfa. Ba ta buƙatar wutar lantarki ko injin, itace da ruwa da tukunya sun ishe ta, kuma kafin magariba ta sayar ta maido uwar kuɗinta. Majemin zamani kuwa sai ya sayi gishiri, ya sayi farar ƙasa da sinadarin kurom da rini waɗanda yawancinsu da dala ake shigo da su, ya juya manyan gangunan jima kwana da kwanaki da man dizil saboda wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, ya biya ma'aikata, ya san yadda zai yi da dagwalon da ke fita daga masana'antar, sannan ya jira makonni kafin ya ga fatar da zai iya sayarwa. A ƙarshe kuma ya tarar rabin ƙiragan da ya jeme ba su kai a yi saman but da su ba saboda tabo. Mutumin da ke ɗauke da wannan kaya a ka ba zai iya yin tsere da mai tukunya ba. Idan aka kori mai tukunyar daga kasuwa da ƙarfin doka, abin da zai faru shi ne farashin ƙirgi ya faɗi, mahauci ya ɗora asararsa kan kuɗin nama, shi kuma ya rage abin da yake taya sa a Kara, asarar ta gangara kan makiyayi. Ƙirgin kuwa yana nan da hudarsa da kircinsa, majema tana nan ba wuta.

Wannan ma idan dokar ta yi aiki ke nan. Mu da muka san hanyoyin ƙasar nan mun san me hani ke haifarwa: ƙarin shinge a kan titi da ƙarin hannun da za a miƙa wa na goro. Hausawa suka ce inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima. A cikin duk masu hannu a wannan lamari, daga mai shigo da takalmi kwantena-kwantena zuwa jami'in da ke sa hannu a kwangilar kayan sarki, ba wanda ya kai matar da ke tallan ganda a bakin kasuwar Taminus taushi, shi ya sa ita ake fara nunawa da yatsa.

Batun cewa ganda ba ta da amfani a jiki kuma, a yi hattara da shi. Ba ta kai tsoka ba, wannan gaskiya ne, irin furotin da ke cikinta bai cika ba. Amma wanda ke faɗar haka yana da tsoka a miyarsa. Uwar da ta dafa gwate ko miyar agushi ga yara shida, ta yanka ganda ƙanana don kowa ya samu abin taunawa ya ji shi ma ya ci nama, ba ta jahilci abinci ba ne, kuɗin kilo ne ya fi ƙarfinta. Har shigo da ƙiraga ake yi daga wasu ƙasashen Afirka saboda tukunya kawai. Wanda ke son ta daina sayen ganda ya fara sauko mata da farashin nama.

Kada a ce na wanke ganda tas. Akwai abin da ya wajaba a hana, kuma tun jiya. Babbaka da tsofaffin tayoyi da robobi, wanda duk mai wucewa ta kusa da mayanka da sassafe ya ga baƙin hayaƙinsa, guba ce ga mai ci da mai babbakar da maƙwabta. A 2019 hukumar NAFDAC ta gargaɗi jama'a cewa wasu na shigo da ƙiragan da aka riga aka zuba wa sinadarai don masana'anta suna sayar da su a matsayin ganda. A 2023, da cutar antiraks ta ɓulla a ƙasashe maƙwabta, ma'aikatar noma ta ce a dakata da cin ganda, kuma ba a jima ba aka tabbatar da cutar a wata gona kusa da Suleja. Waɗannan aikin likitan dabbobi ne da duba-gari, a tsaya a mayanka a duba, a kama mai laifi. Maganar lafiya ce, ba ta da alaƙa da takalmi, kuma bai dace a fake da ita ba.

Af, na tuna da jakuna. Ga inda hani ya dace, saboda dabbar ce kanta ke ƙarewa: ana yanka su don fatar da ake kaiwa Sin a yi wani maganin gargajiya da ita, jaki kuwa ba ya haihuwa da sauri kamar akuya. Tarayyar Afirka ta haramta wannan ciniki a Fabrairun 2024, kuma na goyi baya. Sa dai don namansa ake yanka shi, ko an ci ƙirgin ko an jeme shi, yankan ba zai ragu ba.

To ina mafita? Ni dai na ga alamarta a nan garin namu, kuma ba daga gwamnati ba. Ƙungiyar Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ta daɗe da mayar da tara fatun layya hanyar samun kuɗin gina makarantu da masallatai. Ko mutum ɗan Izala ne ko ɗan ɗariƙa, ya yarda cewa tsarin ya burge. Ranar Babbar Sallah 'yan agaji su bi lungu-lungu da baro da Keke Napep, kowace unguwa ta kai wa ƙaramar hukuma, a haɗa a jiha, a sayar, a karanto lissafi. A kwana biyu ana tattara abin da ɗan fata irin mahaifina ba zai tara a shekara ba. Wannan ya nuna cewa tattara fata daga gida-gida ba gagararre ba ne.

Amma dubi halin da fatun ke isa. A fiƙihunmu na Malikiyya mai layya ba ya sayar da fatar, ba ya kuma biyan mahauci ladansa da ita, sai dai ya yi amfani da ita ko ya bayar. Hukunci ne mai kyau, sai dai mun ɗauke shi kamar an ce fatar ba ta kowa ba ce. Mahaucin da aka ɗauko yana da raguna goma a gabansa kafin la'asar, hankalinsa na gidan gaba. Wani gidan ma yaran gida ne ke koyon fiɗa a jikin ragon. A fizge fatar, a jefar da ita bayan ƙofa a dunƙule, jini a jiki, rana na duka, har sai masu karɓa sun zo da yamma ko washegari. Ɗanyar fata kuwa awanni kaɗan take jira. In ba a shimfiɗa ta an zuba mata gishiri ta ɓangaren nama ba, ruɓa ta fara, gashi ya soma zubewa, kuma daga nan ba majemin da zai iya ceto ta. Sadakar da za ta kai aji na ɗaya sai ta isa Kano a aji na ƙarshe, ko a zubar da ita a hanya. Da limamai za su ware minti biyar a huɗubar Juma'ar da ke gaban Sallah su ce a fiɗe a hankali, a sa gishiri, a ajiye a inuwa, da masu karɓa za su raba ƙullin gishiri tun ana gobe Sallah, da kuɗin da ake samu ya ƙaru ba tare da an ƙara yanka ko ɗan akuya ɗaya ba. Ba doka a ciki, ba kasafin kuɗi.

Abin da ke wuyan gwamnati kuma ya fi hani wahala, shi ya sa ake gudunsa. Ita ce babbar mai sayen but a ƙasar nan. Sojoji, 'yan sanda, kwastan, shige da fice, gandurobobi, sibil difens, 'yan kwana-kwana, jami'an kiyaye haɗurra, kowannensu sai da but, kuma but yana cinyewa. A nan Jos kaɗai ga barikin Rukuba, ga kwalejin manyan 'yan sanda. A watan Mayun 2017 Yemi Osinbajo, yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa, ya sa hannu a umarni mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatu ke kashewa kan wasu kayayyaki ya tafi ga na gida, kuma kayan sarki da takalma ne a sahun farko na jerin. A wajajen lokacin ne aka yi ta yayata cewa rundunar soja ta ba masu ɗinkin takalmi na Aba odar but ƙafa 50,000. A 2021 aka ƙaddamar da tsarin aiwatar da manufar ƙasa kan fata, a 2024 aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo sukutum. Takardu dai ba mu rasa su ba.

Abin da ya rage shi ne oda mai ɗorewa, ba ta shekara ɗaya da za a ɗauki hoto a watse ba, da kuma sharaɗin cewa fatar da za a yi but ɗin da ita a nan aka jeme ta. Wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan maganar. Masu takalmin kasuwar Ariaria ta Aba da yawa da fatar waje ko ta roba suke aiki, don haka takalmi na iya zama ɗinkin gida alhali bai taɓa ƙirgin gida ba. Amma ranar da majemi a Challawa ya riƙe takardar da ke cewa za a karɓi ƙirgin but daga hannunsa shekara biyar a jere, a kuma biya shi kan lokaci, ranar zai aiko wakilinsa mayankar Jos da kuɗi a hannu tun asuba, ya ce duk ƙirgin da ba huda zai biya sama da abin da mai ganda ke biya. A mako guda dattijon nan abokin mahaifina zai nemo wuƙa mai lanƙwasa ya zaunar da yaransa. A shekara guda dillalan Kara za su fara duba bayan sa kafin su taya, labari ya isa ruga cewa lalas a cinya yana rage kuɗi. Masu tabo da huda, waɗanda dama ba su da amfani a majema, su tafi tukunya, mai ganda ta ci gaba da sana'arta. Kasuwar ta ishi kowa, aji-aji, kamar yadda take a da.

Na san za a ce but ɗin gida ba ya ƙarko, gam ya saki, ƙasan ya ɓalle. Wani lokaci haka ne, na taɓa saye na gani. Amma a auna shi a ƙi karɓar wanda bai kai ba, ai don haka aka kafa cibiyar Samaru da hukumar kula da ingancin kaya. Baduku ba ya ƙwarewa a kan aikin da ba a ba shi ba.

Wannan ya kai ni Naraguta, garin dukawan nan da ke bakin Jos. Mu da muka tashi a Jos mun san lokacin da baƙo ba ya barin garin nan sai an kai shi can ya sayi tim-tim ko jaka ko takalmi mai zane. Turawan mishan, malaman jami'a, masu zuwa shan iska, duk suna tsayawa. Rikicin Satumbar 2001 da waɗanda suka biyo baya suka kori baƙi, gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002 ta cinye shaguna da jari, silifan roba masu arha suka ƙarasa sauran. Masu hannu suna nan, sun tsufa, 'ya'yansu da yawa sun koma acaɓa da sayar da waya. Waɗannan mutane sun san jimar gargajiya ciki da waje: a jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, a kankare, a tausasa ta, a tsoma ta a ruwan bagaruwa har ta sha, a shafe ta da man gyaɗa, a ja ta a murza har ta yi laushi. Ba kurom a ciki, kuma irin wannan jimar ta itatuwa ce masu kuɗin Turai ke nema yanzu suna biya da tsada. Ba na cewa Naraguta za ta ɗinka wa runduna but, wannan aikin injin ne. Amma sandal ɗin 'yan makarantun gwamnatin Filato fa? Bel da kube da jakar littafi fa?

Wata uku da sayen but ɗina na Katako, ɗinkin gefensa ya fara saki, fatar wajen ɗan yatsa ta tsage. Na kai wa wani tsohon baduku da ke zama a bakin titin Bauchi, wanda ya san mahaifina. Ya juya takalmin, ya shinshina, ya danna da babban yatsa, ya ce, "Malam, wanda ya jeme wannan ya san aikinsa. Sa ne, kuma ba a taɓa dukansa ba." Na ce, "Baba, za a samu ƙirgin da za a yi masa maho?" Ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin bencinsa ya zazzage. Tsofaffin jakunkunan mata ne na gwanjo da rigunan fata, ya saye su a Katako yana farkewa yana aiki da su, don ya ce jemammen ƙirgi mai kyau ya fi ƙarfin jarinsa, in ma ya samu. Ya zaɓo hannun wata jaka mai kalar da ta yi kusa, ya auna, ya yanka. Daga inda muke zaune ana jiyo ƙamshin yajin wata mai ganda a tsallaken titi, na aika yaro ya sayo mana ta ɗari biyar, muka ci tare yana ɗinki.